Dire Straits a katin jiga takwas

Na san wasu cikinku za su buɗe wanga shafi su yi tsaki, su ce ga wani ya zo mana da kiɗan Nasara alhali bursu ba ta fito ba, egzame kuma na bakin ƙofa. Na ji. Amma kafin ku wuce, ku leƙa katin wayar abokinku mai son gita. Sau da yawa za ku tarar da wata waƙar Ingilishi mai gita da ke tsalle-tsalle kamar ɗan akuya, an sa mata suna "Sultan", ko "gita mai daɗi", ko lamba kawai babu suna. Ita ce "Sultans of Swing" ta ƙungiyar Dire Straits, waƙar 1978, sa'ar iyayen wasunmu. Tana yawo daga waya zuwa waya a fadojinmu, kuma mafi yawan kwafin da na ji, wallahi gawar waƙar ce. An datse mata wutsiya, an matse ta har farantan ƙarfen mai ganguna sun koma kamar an zuba ruwa cikin mai mai zafi. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na tara cikin shekara ukku ina bin fayafayan mutanen nan, don wanda katinsa jiga 8 ne kamar nawa ya san mi zai ajiye, mi zai share.

Su huɗu sunka fara, a unguwar Deptford da ke kudancin Landan, a 1977: Mark Knopfler mai gita da waƙa, ƙanensa David, John Illsley mai bas, da Pick Withers mai ganguna. Sunan ƙungiyar ma na ƴan babu ne, ma'anarsa wajen "tsaka mai wuya". Mark ya yi aikin jarida, ya yi koyarwa, ya kai shekara 28 babu wanda ya san shi. Sun haɗa ƴan kuɗinsu sunka ɗauki waƙa 5 a kaset na gwaji, sunka kai wa wani mai shiri a radiyon BBC ta Landan, Charlie Gillett, don ya ba su shawara. Shi ko sai ya saki "Sultans of Swing" a iska, kuma ba a daɗe ba kamfanin Phonogram ya ɗauke su. Kundi 6 kaɗai sunka yi a situdiyo tsakanin 1978 da 1991, a 1995 kowa ya kama gabansa. In ka jera duka shidda ba su cika awa 5 ba. Ga mai ƙaramin kati wannan albishir ne.

Mark da yatsunsa yake kaɗa gita, ba ya riƙe ɗan robar nan da sauran masu gita ke karta tsirkiya da shi. Babban yatsa da biyun da ke kusa da shi su ke tsinkar tsirkiyar, kusan yadda mai molo ke yi, sautin ya fito tas babu hayaƙi. Ina jin shi ya sa kunnenmu bai ɗauke shi baƙo ba. Wani abokina ɗan Abalak da muke ɗaki ɗaya ya ce mini a wajensu ko tsoho ya ji gitar nan sai ya gyaɗa kai. Bombino ɗan Agadas ya sha faɗi a hira cewa yana yaro, lokacin gudun hijira, yana kallon bidiyon Jimi Hendrix da na Mark Knopfler yana kwaikwayo. Ban ce gitar Agadas daga Landan ta zo ba, tana da iyayenta a gida. Amma hanyar ta taɓa haɗuwa, kuma wanda ya saba da ɗaya ba ya wahalar shiga ɗayar.

Ni daga kawuna na gaji mutanen nan. Direban babbar mota ne da ya yi hanyar Arlit a shekarun 1980, yana da akwatin ƙarfe cike da kaset, na Shata a gefe ɗaya, na Nasara ƴan kaɗan a ɗaya gefen. Ba ya jin Ingilishi ko kalma guda. Na tambaye shi mi yake ji a ciki, ya ce: "Ɗana, wanga Bature ba ya ihu. Shina magana ne a hankali, gitar ko tana ba shi amsa. In dare ya yi bisa hanya, irin shi aka so." Duk abin da zan faɗa a kan zaɓen bugu yana cikin maganar nan tasa.

Kiɗan Dire Straits a tsakanin raɗa da tsawa yake zaune. Ku ɗauki "Private Investigations" ta 1982. Ta fara da piyano da gita mai tsirkiyar roba, murya ƙasa-ƙasa, Mark ba ya ma rerawa, magana yake. Can tsakiya komi ya yi tsit, sai bas yana bugawa ɗaya-ɗaya kamar zuciya, a ji takun sawu, a ji kwalba ta fashe can nesa. Kana cikin kasa kunne sai gitar lantarki da piyano su faɗo maka kamar aradu a farkon damina. In tsawar ba ta sa ka zabura ba, to kwafinka na da matsala. Tazarar nan tsakanin wuri mafi shiru da wuri mafi ƙara ita ce dukiyar waƙar, kuma ita ce abu na farko da ake asara in an sake buga faifai da ganganci.

Ga yadda abin ke faruwa. Faifan CD yana da silin, ƙara ba ta iya wuce shi. Daga shekarun 1990 kamfanoni sunka shiga gasar wane faifai ya fi ƙara a radiyo da cikin mota. Tunda ba a iya ɗaga silin, sai a ɗago wuraren shiru sama, a aske kan wuraren tsawa, komi ya zama tsayi ɗaya. Da farko kunne na cewa wannan ya fi daɗi, don kunne yaro ne, abin da ya fi ƙara shi yake bi. Bayan minti goma sai ka ji ka gaji ba ka san dalili ba, kamar ka zauna kusa da mai tallar magani da lasifika a tasha. Saboda haka in za ka gwada bugu biyu, ka fara daidaita ƙararsu: ka rage wa mai ƙarfin, ka ƙara wa mai sanyin, har murya ta zo daidai a duka biyun. Sannan ka saurari ganga. Wanda gangarsa ke fitowa ta doke ka sannan ta koma, shi ne mai rai.

Yanzu fayafayan kansu. In guda ɗaya za ka ajiye, ni dai na farko zan ce, mai sunan ƙungiyar, na 1978. An ɗauke shi a situdiyon Basing Street a Landan cikin Fabrairu, Muff Winwood ya kula da aikin, kuɗin duka fam 12,500 ne, abin da manyan mawaƙan lokacin ba su ɗauka a bakin komi ba. Rashin kuɗin ya yi masa rana. Mutum huɗu ne a ɗaki, gita biyu, bas, ganguna, babu kwalliya. Kana iya nuna kowa da yatsa ka ce ga inda yake tsaye. "Down to the Waterline" na buɗewa da wani amo kamar jirgin ruwa cikin hazo, gita na lalube, sannan ganguna su shigo da gudu. "Six Blade Knife" kusan babu komi a cikinta sai bas da sarari. Kuma ku kula da Pick Withers, don kowa na maganar Mark ana mantawa da shi. Hannunsa mara nauyi ne, irin na masu jaz, yana taɓa farantan ƙarfe kamar mai tankaɗe. A mugun kwafi shi ne ke fara ɓacewa. "Sultans of Swing" ta wanga kundi minti 5 da daƙiƙa 47 ce. In taka ta gaza haka sosai, an yanke maka gitar ƙarshe, wato an ba ka tuwo an hana ka miya.

Na biyu, "Communiqué" na 1979, an yi shi a Nassau ta Bahamas da Jerry Wexler da Barry Beckett. Ƙanen na farko ne, kama ɗaya, sautinsa mai kyau ƙwarai. "Once Upon a Time in the West" ta isa a saurara, sauran kuma sai in kati na da wuri.

"Making Movies" na 1980 daban ne. Sun tafi Niyok, David ya fita daga ƙungiyar ana tsakiyar aiki, anka kawo Roy Bittan mai piyanon Bruce Springsteen, Jimmy Iovine ya kama ragamar ɗauka tare da Mark. Ganguna sunka yi nauyi, waƙoƙi sunka yi tsawo. Ukkun farko, "Tunnel of Love", "Romeo and Juliet" da "Skateaway", ban san wani gefen faifai na roka da ya fi su tsayuwa ba. Minti biyun ƙarshe na "Tunnel of Love", inda komi ya lafa gitar ta fara hawa sannu a hankali, na taɓa sa wa wata ƴar ajinmu da ke cewa ita kiɗan Indiya kaɗai ke taɓa ta. Ba ta ce komi ba, ta dai ce in maido baya. Gefen na biyu bai kai na farko ba, waƙar ƙarshe ma ni tsallake ta nake.

"Love Over Gold" na 1982 shi ne wanda zan roƙe ku kada ku karɓa daga hannun kowa sai kun tabbatar da lafiyarsa. Waƙa 5 ce duka. Ta farko, "Telegraph Road", minti 14 ce da ƴan daƙiƙoƙi, sunan wata doguwar hanya ce a jihar Mishigan ta Amurka, kusa da Detroit. Labarin wuri ne tun yana daji, mutum ɗaya ya zo ya kafa bukka, gari ya tashi, masana'antu sunka zo, sannan aiki ya ƙare mutane sunka rasa na yi. Duk ɗan ƙasar nan da ya san garin da ma'adini ya tayar zai gane labarin ko ba a fassara masa duka ba. Tana farawa da wani siririn sauti da kyar ake jin sa, kusan minti guda. Masu tura waƙa a kasuwa da yawa suna ɗauka fayil ɗin ya lalace ne, wasu har su datse farkon. Tana ƙarewa da wajen minti biyar na gita da ganguna suna tsere. Daga wancan siririn sauti zuwa wanga tsere, nan ne za ka san ko bugun da ke hannunka na kirki ne. Neil Dorfsman ya ɗauki sautin, kuma har yau masu sayar da manyan lasifikoki a Turai na gwada kayansu da wanga kundi. Wani abin mamaki, cikin waƙoƙin da Mark ya rubuta a lokacin akwai "Private Dancer", ya ga ba ta dace da bakin namiji ba, ta koma hannun Tina Turner ta fito a 1984.

A ɗakinmu gardamar da ba ta ƙarewa ita ce ta "Alchemy". Wasan fili ne da anka ɗauka a zauren Hammersmith Odeon na Landan a Yulin 1983, ya fito 1984. Ɗan Abalak ya rantse cewa "Sultans of Swing" ta ciki, mai kusan minti 11, ita ce ta gaske, ta situdiyo gwaji ce. Ni ban yarda ba. Terry Williams ne a kan ganguna a nan, mai ƙarfi ne, yana duka kamar yana sussukar gero, kuma wancan taushin na Pick ya tafi. Amma na yarda da abu ɗaya: in kana so ka ji mi gitar mutumin nan ke iyawa in an sake mata linzami, nan za ka je, kuma "Telegraph Road" ta ciki ba ta da kunya gaban ta situdiyo. Matsalar ita ce kusan duk "Alchemy" da ke yawo a wayoyinmu daga bidiyon YouTube anka tatso ta, an matse sau biyu ko ukku. Tafin jama'a shi ke tona asiri: a kwafi mai kyau tafi ne, hannu da hannu, a mugun kwafi kamar ruwan sama bisa kwano. A 2023 an fitar da akwatin wasanninsu na fili daga 1978 zuwa 1992, a ciki akwai "Alchemy" da waƙoƙin da anka bari a baya. Wanda ya samu wifi mai ƙarfi ya nemi wannan.

Sai babban, "Brothers in Arms", Mayun 1985. Ya sayar da fiye da kwafi miliyan 30, kuma shi ne faifan CD na farko da ya haura miliyan ɗaya. Wata biyu bayan fitarsa sunka hau dandalin Live Aid a Wembley, wasan da anka shirya don yunwar Habasha, daidai lokacin da iyayenmu nan ke fita daga tasu yunwar da suke kira El Buhari. An ɗauki kundin a situdiyon AIR da ke tsibirin Monsarat, kuma da na'urar dijital ta Sony anka ɗauke shi tun daga tushe, abin da ba a saba ba a lokacin. Kamfanin Philips, ɗaya cikin biyun da sunka ƙirƙiro CD, shi ya ɗauki nauyin rangadinsu. Don CD anka yi wanga kundi, kuma a nan ne zancen bugu ya fi muhimmanci. Baƙin faifan garmaho na 1985 bai iya ɗaukar minti 55 da kyau ba, sai anka rage waƙoƙi. "Money for Nothing" ta sauka daga minti 8 da rabi zuwa 7. "Why Worry" ta sauka daga 8 da rabi zuwa 5 da ɗan abu. "Your Latest Trick" ta rasa busar ƙahon Randy Brecker da ke buɗe ta. Saboda haka in wani ɗan gayu ya ce maka ai garmaho ya fi komi, a wanga kundi dai tsohon garmahon guntu ne.

Nawa kwafin a aljihun mota na same shi. Kun san motocin nan na hannu da ke zuwa daga Turai, wani lokaci mai motar ya manta faifai a ciki. Wani makaniken unguwarmu yana tara su a kwali, yara na wasa da su kamar madubi. Na tarar da shi a ciki, shuɗin bango da hoton gitar ƙarfe tana shawagi cikin gajimare, tambarin Vertigo, bugun Jamus ta Yamma. Ya ce in ba shi kuɗin shayi. Abin da ya sayar da miliyan 30 dole ya watsu har ya iso nan, don haka ku riƙa leƙa irin kwalayen nan, da tulin kayan hannu na Katako in kun je Yamai.

Duk da haka ba shi ne na fi so ba. Piyanon lantarki na 1985 ya cika shi, wani wurin yana walƙiya kamar sabon kwano. "Walk of Life" waƙar biki ce, na ji ta ya isa. "Money for Nothing", wadda Sting ya sa murya a cikinta, akwai kalmar zagi a baiti na biyu, Mark ya sa ta a bakin wani ma'aikacin kanti mai hassadar mawaƙa, kuma wasu gajerun bugu sun cire baitin. Dukiyar kundin a rabin ƙarshe take: "Ride Across the River", "The Man's Too Strong" mai tsawar da ke faɗowa ba sallama, da waƙar da ta ba kundin suna, wadda ya rubuta a zamanin yaƙin tsibiran Falkland na 1982. Wannan ta ƙarshe kusan minti 7 ce. Na ƙarshensu, "On Every Street" na 1991, sautinsa sumul, amma wutar ta fara ja baya. Waƙar da ke ɗauke da sunansa ta cancanci wuri a kati.

To wane bugu? Kusan kowane kundi nasu ya fito sau da yawa. Akwai CD na farko na shekarun 1980. Akwai na 1996 da Bob Ludwig ya sake tacewa, za ku ga shekarar a bayan kwali da ɗan tambarin SBM, kuma shi ne galibi ke kan manhajojin saurare na intanet. Akwai na cikar shekara 20 na "Brothers in Arms" a 2005, wanda anka rarraba sautinsa ga lasifika shidda har ya ci kyautar Grammy. Akwai na kamfanin Mobile Fidelity na Amurka, masu buga wa attajiran kunne. A kunnena tsofaffin CD na 1980 sun fi sakin jiki: ƙararsu ƙasa take, sai ka murɗa, amma in ka murɗa komi na numfashi. Na 1996 ya ɗan fi ƙara, ya ɗan fi haske, amma Ludwig bai yi ɓarna ba, kuma in shi ka samu ka kwanta da hankalinka. Na 2005 ba namu ba ne. Wa ke da lasifika shidda a ɗakin da mutum huɗu ke kwana? Wanda na ji ta kunne biyu kuma ya fi sauran matsuwa.

Na Mobile Fidelity fa, garmahonsu guda dalar Amurka 50 ne ko fiye, dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta tamma biyar ba. Jikka 30 ke nan kafin kuɗin aikowa, kafin injin juya shi. Sau ɗaya na ji kwafin dijital na bugunsu na kundin farko, kuma gaskiya yana da daɗi, bas ɗin ya fi cika. Amma a 2022 kamfanin da kansa ya amsa cewa shekara da shekaru yana bi da sautin ta na'urar dijital kafin ya yanka garmaho, alhali masu saye na biyan kuɗin ne da zaton babu dijital a hanya ko kaɗan. Manyan masu kunnen da ke rantsuwa suna gane dijital daga nesa, shekaru suna yabon fayafayan ba su ji komi ba. Tun da na karanta wanga labari na daina jin ƙyashin kowa.

Abin da zan hana ku shi ne kundayen "zaɓaɓɓu". Wanda ya fi yawo shi ne na 1998. A ciki "Money for Nothing" minti 4 ce, "Brothers in Arms" ba ta kai 5 ba, "Private Investigations" an rage ta, "Telegraph Road" kuwa babu ita sam. Don mai sauri anka yi shi.

Saura zancen fayil, wanda a wajenmu ya fi zancen bugu zafi, don ko Bob Ludwig ya yi aikinsa da kyau, mai turawa na iya rushe shi cikin daƙiƙa biyar. Tura waƙa ta Bluetooth ko Xender ba ya rage mata komi, kwafi ne daidai da daidai, ko ta bi waya ɗari. Abin da ke kashe ta shi ne juyawa: daga bidiyo zuwa MP3, daga MP3 zuwa ƙaramin MP3 don a samu wuri. Kowace juyawa sai an zubar da wani abu, kuma ba ya dawowa. A WhatsApp ku aika ta a matsayin takarda, haka ba a taɓa ta. Awo mai sauƙi shi ne nauyi. MP3 mai lamba 128 na cin kamar mega 1 a minti. Mai 320 na cin kusan mega 2 da rabi. FLAC, wanda ba ya zubar da komi, mega 5 zuwa 6. Ke nan "Telegraph Road" mai kyau wajen mega 34 ce a 320. In ka ga tata mega 6, ka san abin da ka riƙa. Duka kundi shidda a 320 ba su kai mega 700 ba, kuma da abin saƙalawa a kunne irin wanda muke iya saye, ni ban iya rarrabe 320 da FLAC ba, ban kuma ga wanda ya iya a ɗakinmu ba da munka rufe masa ido.

Akwai ƴan damfara a nan ma. Mutum na iya ɗaukar 128 ya hura shi ya koma 320, nauyi ya ƙaru, daɗi bai ƙaru ba, kamar a jiƙa buhun gawayi. Wanda ke da ordinater ya sauko da wata ƴar manhaja kyauta mai suna Spek, tana zana hoton sautin. In ka ga an yanke hoton a miƙe wajen lamba 16, kamar an sa reza, asalinsa 128 ne komi aka rubuta a kai. Kuma don Allah ku kashe abin ƙara bas ɗin nan na waya. Lasifikar waya ita kanta ba ta iya fitar da John Illsley, ku nemi na kunne ko da na jikka biyu ne. Lokacin saurare mafi kyau kuwa kyauta ne: in an ɗauke wuta da dare, panka ta tsaya, firijin maƙwabta ya yi shiru, nan ne za ku ji farkon "Telegraph Road".

Ranar da nake wa ƴan fadarmu wanga bayani, wani ya katse ni ya ce: "To malam mai kunne, su Shata fa? Wane bugu ne nasu mai kyau?" Kowa ya yi dariya, amma tambayar ta zauna mini. Waɗannan Turawa ana gardamar bugunsu ne don uwar kaset ɗinsu na ajiye a ɗaki mai sanyi, duk bayan shekara goma a fiddo ta a sake tacewa. Shata ya rasu a 1999. Shi da Ɗan Anace da Ɗan Gurmu na Tawa, abin da ke wayoyinmu nasu yawanci kaset ne da anka kwafa daga kaset, wani ya kara waya a bakin radiyo ya ɗauka, har kukan zakara na ciki. Kalangu ma tsakanin raɗa da tsawa yake zaune, kuma matsewa na kashe shi kamar yadda take kashe gangar Pick Withers. Yana yiwuwa kaset ɗin da ke akwatin kawunka ya fi duk abin da ke intanet kyau. In za ka juye shi, kada ka kara waya. Ka nemi radiyo mai ramin abin kunne, ka ja igiya zuwa ordinater, ka goge kan radiyon da auduga da ɗan alkol, ka ɗauka da Audacity, ka ajiye a WAV ko FLAC. Kada ka taɓa maɓallin cire shuuu ɗin kaset, yana tafiya da rabin kalangun. Ka rubuta sunan mawaƙi da duk abin da ke jikin kwalin.

Na kirga na Shata 23 a akwatin kawu, wasu tun ba a haife ni ba ba a buɗe su ba. Na roƙe shi ya ba ni aro in juye. Ya dube ni ya dubi akwatin, ya ce sai bayan Salla, kuma sai yana zaune a wurin.